Na Je Magariya Neman Sirrin Gyaɗar Ƙanina

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. An tambaye ni a majalisarmu ta Kanya Babba. Ranar da muka je Kazaure tantance 'yan fansho kuma, tsofaffin abokan aikina na Roni da Gwiwa suka tsare ni a inda muke jiran layi, kowa yana son ya ji abin da ya kai Malam Sa'idu ƙetare iyaka ana tsakiyar damina, mutumin da ko Kano za shi sai ya yi mako yana shiri. Wani na ce masa ziyara na je, wani na ce masa neman ilimi. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, amma ba su ne suka fitar da ni daga gida ba. Yanzu da aka kai amfanin gona gida, zuciyata kuma ta ɗan sauka, bari in faɗi yadda aka yi.

Ina da ƙane, Habu, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, na ba shi shekara tara. Ni na yi karatu na koyar a firamare fiye da shekara talatin. Shi a aji huɗu ya ajiye, ya shiga fataucin awaki tsakanin Babura da kasuwannin Nijar, a can ma ya auro matarsa Hadiza, 'yar wani ƙauye gabas da Magariya. Gonakinmu na gado suna manne da juna, layin gamba kawai ya raba su. Tun da na yi ritaya na koma noma gadan-gadan, ni ake tambaya a unguwa: wane iri za a saya, yaushe za a sa taki, wace tazara za a bari. Ina da igiyar awo, kunyoyina kuwa a miƙe suke kamar layin littafi. Habu da ƙafa yake awo.

Bara, gab da shuka, ya same ni a majalisa bayan la'asar, ya ciro wasu ƙananan leda biyu daga aljihu. Wani baƙin gari ne a ciki mai kama da garin gawayi. Ya ce daga wajen surukansa ya samo, wai akwai ƙananan halittu masu rai a ciki, ana shafa wa irin gyaɗa kafin a shuka, suna taimaka wa shuka ta yi ƙarfi ta jure ƙishi. Ɗaya tasa, ɗaya tawa. Na karɓa na juya ta a hannu, na dubi jama'a, na ce shekara talatin ina koya wa yara su wanke hannu saboda ƙwayoyin cuta, yau ga ƙanina ya sayo su da kuɗinsa zai zuba a abincin da za mu ci. Aka yi dariya sosai. Habu ya karɓi ledarsa ya mayar aljihu, ya ce, "To, Yaya." Daminar ta yi kyau, kowa ya samu, gyaɗarsa ta ɗan fi tawa, na ce sa'a ce.

Bana kuwa, muna gama noman fari ruwa ya ɗauke. Mako ɗaya, biyu, aka shiga na uku. Gero ya nannaɗe ganye. Gyaɗata tun da hantsi take rufe ganye ta kwanta, ta yi fari-fari kamar mai jinya. Ta Habu ita ma takan yi laushi da tsakar rana, amma kafin la'asar ta miƙe, kore shar. Abin da ya fi ci min rai shi ne, daga cikin gonata aka fi ganin tasa da kyau, don haka masu wucewa sai su ratso ta kan gyaɗata su tsaya suna kallon tasa. Wata rana wani mutum ya zo a babur tun daga Achilafiya, ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko nan ce gonar Malam Habu. Na nuna masa da haɓa. Kalmar malam ɗin nan ta yini tana yi min yawo a ka.

Mai ɗakina Hajara ta ce in je in tambaye shi mana, taku nawa ne tsakaninmu. Na ce ba ni da abin da zan tambaya. A raina kuwa na riga na yanke shawara: lokacin shukar wake ya kusa, zan je inda ya samo garin nan, in samo nawa, in kuma san abin da shi bai sani ba game da shi. Na canza 'yan kuɗina zuwa sefa, kuɗin Nijar, a kasuwar Babura, na gaya wa Hajara zan je Kazaure kan maganar fansho, wataƙila in kwana biyu. Ta dube ni, ta dubi jakata, ta ce Allah ya tsare hanya.

Da sassafe na isa tashar Babura, na ja hula ta rufe min goshi, na nufi motar Magariya ina tafe ta bayan rumfuna. Ban kai ga motar ba direban ya ɗaga murya ya ce yayan Habu ne, a bar masa gaba. Haka na zauna a gaba tare da wani mai sayar da goro, ƙafata ɗaya a kan buhun barkono. A baya mutum huɗu ne da wata tsohuwa mai zakaru biyu a kwando. Ba mu yi nisa ba aka fara maganar fari, daga maganar fari kuwa aka faɗa kan gonar Habu. Mai goro ya ce shi ya ga gonar da idonsa. Wani a baya ya ce an gaya masa laya aka binne a kusurwa huɗu. Tsohuwar ta ce ba laya ba ce, zakka ce yaron ba ya wasa da ita. Suka juyo gare ni in raba gardama, tunda ni ne yayansa. Na ce ban cika shiga harkarsa ba. Amma na kama kaina ina fatan maganar layar ce gaskiya, don da laya ce da ba a ce ya fi ni sanin noma ba.

A iyaka na gano cewa katin ɗan ƙasa na bar shi a aljihun wata rigar. Abin da ke jakata tsohon katin aikin koyarwa ne, hotona a kai tun ina da baƙin gemu. Ɓangarenmu an san fuskar direba, aka duba aka ce mu wuce. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya karɓi katin, ya yi min magana da Faransanci, da ya ga na yi zuru sai ya koma Hausa. Ya zaunar da ni a benci, ya tambaye ni sana'ata, na ce malamin makaranta ne mai ritaya. Sai ya waiwaya ya ce wa abokin aikinsa, "Wannan tsohon mushe ne."

Na miƙe tsaye. Na ce masa ɗana, na haife ka, ina numfashi ina tafiya da ƙafata, ban ga dalilin da za ka kira ni mushe ba don na manta kati. Duk wanda ke rumfar ya tuntsure da dariya, har da tsohuwa mai zakaru. Direba ne ya ja ni gefe ya ce a nan malamin boko ake kira mushe, girmamawa ce. Jandarman da kansa ya ba ni haƙuri yana share hawayen dariya. Ya ce duk da haka doka doka ce, katin nan ba zai wadatar ba sai in akwai wanda ya san ni. Direba ya ce yayan Habu ne. Jandarman ya ce Habu mai awaki? Fuskarsa ta sake nan take. Ya ce mutumin kirki ne, shekara da shekaru yana wucewa ba a taɓa samun takardarsa da gyara ba. Ya rubuta sunana a wani littafi, ya ce in dawo ta nan cikin kwana uku, in kuma gaida Habu. Na ce zai ji. Na koma mota ina tunanin cewa katin gwamnati mai hotona bai fitar da ni ba, sunan wanda ya gudu daga aji huɗu ne ya fitar da ni.

Mun wuce Tinkim muka shiga Magariya rana ta take. Garin Hausawa ne kamar namu, amma kunne yakan yi tuntuɓe. Tasha otogar ce, makaranta lakwal, asibiti kuma likita suke ce masa gaba ɗaya, ɗan acaɓa kabu-kabu. Na hau kabu-kabu na ce ya kai ni ofishin malaman gona. Muka tarar da shi a rufe. Mai gadi ya ce a nan ana tashi da tsakar rana a je a huta, sai rana ta yi sanyi a dawo, kuma ko an dawo, wadda ke kula da maganar garin da nake nema, Madam Rakiya, tana ƙauye tun jiya, sai jibi. Na tambayi wane ƙauye. Ya faɗi sunan garin su Hadiza.

Na zauna a wata rumfa kusa da kasuwa ina shawara da kaina. Na ci dambu da zogale wanda aka zuba wa ƙuli da mai har yana ƙyalli, ban taɓa cin mai daɗinsa ba, ko da yake ban gaya wa Hajara haka ba. Na sayi burodinsu dogo kamar taɓarya, na gatsa, ya kankare min dasashi. Mai rumfar ya ga ina fama, ya ce a shayi ake tsoma shi, ya kira ni cikin abokansa da ke dafa shayi a ƙaramar buta. Aka miƙo min wani ɗan kofin gilashi wanda bai fi babban yatsana ba. Na kurɓa, ɗaci ya kama min harshe, na shanye don kunya, na yi godiya na miƙe. Suka ce ina za ni, ai wannan na fari ne, akwai na biyu da na uku, kuma ba a tashi a bar shayi a kan wuta. A wajenmu mutum ya sha kofi guda mai madara ya kama gabansa. Su kuwa sai da muka kwashe fiye da awa ɗaya. Na ukun ya yi zaƙi, kuma a kansa na yanke shawarar in ƙarasa ƙauyen, in nemi Madam ɗin ita kaɗai, in kauce wa gidan surukan Habu.

Hanyar ƙauyen yashi ce zalla. Mai kabu-kabun ya ce in riƙe shi da kyau, na ce na hau babur tun ba a haife shi ba. A wani kwari ƙafar gaba ta nutse, shi ya dafe da ƙafa, ni na wuce ta gefe na zauna a cikin yashi, jakata a wuya, hulata can gaba. Ban ji ciwo ba. Ya ɗauko hular ya kaɗe ya miƙo min da hannu biyu, daga nan na riƙe shi.

Mun isa gab da magariba. Mutumin farko da na tambaya inda Madam ta sauka bai ba ni amsa ba, sai ya karɓi jakata ya ce in biyo shi. Ya kai ni ƙofar wani gida, wani dattijo siriri mai farin rawani ya fito da fara'a ya kama hannuna da hannu biyu. Malam Illa ne, mahaifin Hadiza. Ban je ɗaurin auren ba a lokacin, kawunmu ne ya wakilce mu, don haka ranar muka fara ganin juna. Ya ce tun azahar suke zuba ido. Na ce wa ya gaya musu ina tafe. Ya ce Habu ne ya bugo waya da safe, ya ce yayansa na hanya, a kula da shi, ba ya son yaji da yawa, kuma kada a dame shi da tambaya.

Na rasa inda zan sa fuskata. Daga baya na ji cewa Hajara ta ga sefa a aljihuna tana wanki, ta gaya wa Hadiza. An share min ɗaki, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an yanka zabo. Aka kawo tuwon gero da miyar yakuwa, ba yaji. Ina ci maƙwabta suna shigowa gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, kowa da labarin Habu: wannan ya ce Habu ya sayar masa da akuya da daraja, wancan ya ce ya kai masa matarsa likita a Magariya. Malam Illa ya ce Allah bai ba shi ɗa namiji da ya rayu ba, amma ya ba shi Habu. Na ce Allah ya ƙara danƙon zumunci. Naman zabon ya yi daɗi. Ni ma ina da surukai, na kuma san ba za su yanka wa ƙanina zabo saboda ni ba.

Da safe Madam Rakiya ta zo a kan babur ɗinta, da takalmin roba har gwiwa. Ba ta kai babbar 'yata shekaru ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kira ni Baba, muka fita gona tare da Malam Illa. Ƙasarsu ta fi tamu yashi, ruwansu bai kai namu ba, farin da ya same mu su ma ya same su. A idona gonakin ƙazanta ne. Karan bara na kwance ko'ina, 'ya'yan gawo da kalgo sun tsiro a tsakiyar kunya an bar su, an haƙa ramuka an cusa takin dabbobi. Da a gonata ne da tuni na share na cinna wuta. Amma gyaɗar a tsaye take.

Ta tsuguna ta tuge guda ɗaya, ta kaɗe ƙasar a hankali, ta nuna min wasu ƙananan ƙulli-ƙulli a jikin saiwar. Na san su, ina ganin su tun ina yaro, ban taɓa tambayar mene ne ba. Ta fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Ta ce a nan wasu daga cikin halittun suke zama, suna ɗebo abinci daga iska su ba shuka, ita kuma ta ciyar da su, jan nan shi ne alamar suna aiki. Wasu kuma a wajen saiwa suke zama, suna fitar da wani yauƙi da ke riƙe laima a jikinta, suna kuma sa ta yi rassa ta nitsa ƙasa neman ruwa. Ta ce kowace ƙasa tana da nata, garin leda ƙari ne kawai na waɗanda aka zaɓo, kuma in ƙasa ta zama tsirara, ba taki ba kara, ana ƙona ta kowace shekara, ba su da abin ci balle inuwa.

Na gyara tsayuwa na fara yi mata tambayoyin da nake yi wa ɗalibai in ina son in kama wanda ya yi haddar da bai fahimta ba. Na ce in haka ne sai a daina roƙon ruwa ke nan. Ta ce a'a Baba, ba ruwa ba ne, in fari ya yi tsawo kowa zai ƙone, abin da suke yi shi ne su ba shuka 'yan kwanakin da za ta jira. Na ce to yaya za a bambance su da masu sa cuta. Ta ce yadda ake bambance mutane, da aikinsu, shi ya sa ba a ɗebo su daga ko'ina. Ta ce Habu ma ya yi mata wannan tambayar, har ya ƙara da wata da ba ta iya amsawa ba sai da ta tambayi na gaba da ita. Ban tambaye ta wace tambaya ce ba.

Sai ta ciro wayarta ta ce bari ta nuna min abin da take nuna wa manoma a duk ƙauyen da ta je. Hoto ne na gonaki biyu, layin gamba a tsakani. Ta dama kore shar, ta hagu fari-fari a kwance. A can ƙarshen ta hagun ga bishiyar aduwar da nake rataye gorata. Ta ce Habu ne ya turo mata makon jiya, kuma babu abin da ya taɓa shawo mata kan manoma kamar hoton nan. Ta ce ta tambaye shi ta wane ne ta hagun, ya ce ta wani maƙwabci ce, ya ƙi faɗin suna.

Na daɗe ina kallon hoton. Na ce, "Wannan maƙwabcin bai iya noma ba ke nan."

Ta ce, "Ya iya, Baba. Dubi layinsa, dubi yadda ya yi noma ba ciyawa ko ɗaya. Ƙwazo ne da shi. Sai dai ya share gonar har ya share masu yi masa aiki."

Malam Illa yana gefe yana kallon wani wuri daban. Ban sani ba ko ya gane, bai kuma taɓa nuna min ba.

Kafin in tafi ta ba ni leda ɗaya ta wake, ta ce ba iri ɗaya ba ce da ta gyaɗa. Ta yi min bayani sau biyu: a jiƙa iri da ruwan ƙaro kaɗan, a barbaɗa garin a cakuɗa, a shanya a inuwa, a shuka a ranar. Ta ce abin da ke ciki rai ne da shi, zafi na kashe shi, in ajiye a gindin randa har ranar shuka. Na ce na gane, ai ni malami ne. Malam Illa ya haɗa ni da tsarabar zogale da ƙullin cuku in kai wa Hadiza, wato dole in shiga gidan Habu da ƙafata.

A hanyar dawowa, muna dab da iyaka, hadari ya haɗo ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Motar ba ta da gilashi ɗaya, a gefena kuwa, na jiƙe sharkaf, amma ba wanda ya yi ƙorafi, kowa hamdala yake yi. Jandarman nan ya leƙo daga rumfa ya gane ni, ya ce mushe an dawo lafiya. Wannan karon na amsa.

Na kai wa Hadiza saƙonta a lokacin da na san Habu yana kasuwa. Da muka haɗu a masallaci ya ce, "Yaya, an dawo lafiya?" Na ce lafiya. Bai ƙara ba, ban ƙara ba. Ledar kuwa ban kai ta gindin randa ba. Randarmu a tsakar gida take, Hadiza kuma kullum sai ta shigo wajen Hajara. Na san sun sani, amma ban iya jure a ga baƙin garin da na yi wa dariya a gaban jama'a zaune a tsakar gidana ba. Na tura ta saman katangar ɗakina, ƙarƙashin kwanon rufi. Ruwan da aka yi bai ratsa ƙasa sosai ba, sai da na jira kwana shida aka sake yin wani, kwanakin nan kuwa rana ta buɗe. Da na sauko da ledar da ɗumi na ji ta. Na ce ba komai.

Na shuka waken ni kaɗai, rabi da garin, rabi babu, na kafa turaku don in gane. Can wajen ƙarshen damina ruwa ya sake yin fashi na kwana goma sha. Na riƙa zagayawa safe da yamma. Rabin nan da rabin can duk ɗaya suke, duk sun yi yaushi tare. Kunya nake ji in faɗa, amma daɗi na ji. Wakena yana wahala ina murna, don na samu hujja. Na tsallaka layin gamba, abin da na yi wata biyu ban yi ba, na sami Habu yana cire ciyawa a cikin nasa waken. Na ce masa na gwada garin nasu da awo irin na masu ilimi, babu wani bambanci, sa'a ce kawai yake ci.

Ya miƙe ya share hannu a riga. Ya ce, "Yaya, a ina ka ajiye shi kafin ka shuka?"

 Na faɗa masa. Na jira dariyar da yake bina bashi tun bara, ga mutane biyu a gonar gaba da za su ji. Bai yi ba. Ya ce shi ma shekarar farko a aljihun babur ya bar rabi ya lalace. Ban sani ba ko gaskiya ne ko don ya rufa min asiri ya faɗa. Na so a ce ya yi dariyar, da na samu abin riƙewa.

Da kaka gyaɗarsa ta ninka tawa, ban kuma ji daɗi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ban ƙona karana ba. Na bar shi a kwance, na kuma bar wasu 'ya'yan gawo guda biyar da suka tsiro. A majalisa an fara cewa tsufa ya kama Malam Sa'idu, gonarsa ta koma juji.

Makon jiya da safe ina gona ina duba gawon, sai na ji ƙarar amalanke. Habu ne da kansa yake kora shanun, an cika ta da takin garken awakinsa. Bai tsaya a tasa ba, ya ratso ta gefen gamba ya shigo tawa. Ban roƙe shi ba, bai kuma yi min maganar ba tun farko. Maganar da ta fara zuwa bakina ita ce ya juya da kayansa. Na haɗiye ta. Na ce ya fara daga gabas, can ne ƙasar ta fi mutuwa. Ya fara saukewa tsibi-tsibi yana awo da ƙafa yadda ya saba. Na ce masa tsibin sun yi kusa da juna, ya ƙara taku uku a tsakani. Ban san ko taku ukun daidai ne ba, ina jin shi ma ya san ban sani ba. Ya koma baya, ya ƙirga uku da ƙafarsa, ya zuba.